Mai hannu da shuni

Mahaifina marini ne. Ya haura shekara arba'in yana tsugunne a bakin rijiyar rini a Ƙofar Mata, cikin birnin Kano, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa da launin fatar mutane ba. Daga kan yatsu har wuyan hannu shuɗi ne mai duhu, farcensa kuwa ya rine har ya kusa komawa baƙi. Ranar jajiberin Sallah Inna kan ajiye masa ruwan zafi da sabulun salo da soso, ya zauna ya yi ta dirza, amma abin da ke fita kaɗan ne. Da wannan hannu yake cin tuwo, da shi yake alwala, da shi yake dafa mana kai idan za mu tafi makarantar allo. Ni yau ɗaukar hoto ce sana'ata, na kuma yi sama da shekara ashirin a cikinta. Duk abin da na sani game da launi, in aka bi salsalarsa, a hannun nan zai tsaya. Na daɗe ban yarda da haka ba, kuma rashin yardar ya sa na yi wa mahaifina wani abu da har gobe nake neman gafarar Allah a kansa.

A firamare abin ya samo asali. Bahaushe in zai ce mutum attajiri ne, sai ya ce mai hannu da shuni ne. Yaran ajinmu sun san sana'ar gidanmu, sun kuma san wandon makarantata faci biyu ne a gwiwa, sai suka laƙaba mini "ɗan mai hannu da shuni". Wata rana Baba ya zo makarantar ganin malaminmu. Ta taga na hango sun gaisa, na kuma ga malamin ya ɗan duba tafinsa bayan sun saki juna, ko an shafa masa wani abu. Yara suka kwashe da dariya. Na kifa kaina a kan benci, ban fita na gaishe shi ba. Da daddare muna cin tuwo na tambaye shi me ya sa ake kiran masu kuɗi da sunan da mu ya fi dacewa da mu. Ya ajiye lomar da ya ɗauka ya ce, "Ai da can gaskiya ce, yaro. A zamanin kakannina rinannen tufafi shi ne dukiya. Wanda ke saye da sayar da rawani ɗan Kura, da wanda ya isa ya naɗa shi, shunin na kama musu hannu. Kana ganin hannun mutum ka san abin da ke ɗakinsa."

A lokacin na ɗauka lallashina yake yi. Sai da na girma na yi karance-karance na ga ashe bai ƙara gishiri ba. Allon da ke ƙofar shiga marinar ya nuna an kafa ta a 1498. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Ghat da Tarabulus. Garin Kura, kudu da birni, shi ya shahara da turkuɗi da rawanin nan mai walƙiya da Buzaye ke tsallako Hamada su saya. Sai a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka harhaɗa a masana'anta, bayansa yadi da atamfa na inji suka cika kasuwa, rijiyoyi suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana cika su da shara. Karin maganar ta tsira ta koma gidan masu motoci, masu shunin gaske kuwa aka bar su da shunin kawai.

Duk da kunyar da nake ji, ranakun Alhamis da Juma'a a marina nake wuni, ni ke kai masa abinci. Rijiyar rini ta fi tsayin mutum zurfi nesa ba kusa ba, bakinta kuwa ƙarami ne, ana rufe shi da murfin kaba mai kama da malafa. A cika ta da ruwa, a zuba toka da kanwa da busasshen ganyen baba, a bar ta kwana da kwanaki tana tsimuwa ana motsa ta da doguwar sanda, har kumfa mai ƙyallin jan ƙarfe ta taso. Warinta na kama riga, ya bi mutum har gida. (A rubutun boko baba ganyen rini da Baba mahaifi duk iri ɗaya ake rubuta su, a baki ne karin sauti ke raba su. Ina yaro na ɗauka sunan mahaifina aka sa wa ganyen.) Da hanci yake gane rijiya ta nuna, wani lokaci ya ɗan ɗanɗana a harshe.

Abin da bai taɓa daina ba ni mamaki ba shi ne lokacin da ya tsamo farin zane a karon farko. Ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, kamar ruwan ganye, yana ɗiga. Sai ya ɗaga shi ya ware a iska, kana kallo koren ya fara juyawa daga gefe-gefe, kafin ka ƙirga ɗari ya zama shuɗi. Daga baya na fahimci dalilin: a cikin rijiya shunin narkewa yake yi ya shiga zare, da iska ta taɓa shi sai ya koma yadda ba ya narkewa, ya maƙale a ciki. Shi kuwa Baba cewa yake, "Rijiya ba ta ba da shuɗi, iska ke bayarwa. Kai dai naka haƙuri." Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, sau goma, sau ashirin, gwargwadon abin da mai kaya ke so, daga mai hasken sararin samaniya har zuwa wanda ya yi duhu kamar dare. Zanen da mata suka ɗaure a gida da zare, in aka warware shi sai ka ga fararen da'irori sun fito, wannan fadar sarki, wancan amarya da ango. Can gefe 'yan bugu na ta ɗirka wa shadda tabarya a kan gungume har ta ɗauki sheƙi.

Ina da shekara goma sha bakwai na ce masa ba na son rini. 'Yan uwa suka yi ca, wannan ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, wancan ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Shi bai ce uffan ba. Bayan mako guda ya sa rigarsa ta Juma'a ya kai ni wurin wani mai ɗaukar hoto da suka saba, a bakin Sabon Gari, ya ce masa, "Ga amana nan."

Zamanin fim ne. Kowane naɗi hoto 36 yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanko. Aikina shara, ɗaukar jaka, da kai fim wurin wanki. Maigidana yana da ɗabi'a: in biki ne ko suna sai ya sa Kodak, mai kwali ruwan ɗorawa, ya ce shi ke ɗumama fata, in wasan ƙwallo ne ko gona da damina sai ya sa Fuji, mai koren kwali, ya ce shi ya san ganye. A nan na fara gane cewa kyamara ba ta kwafo launi yadda yake, zaɓa take yi, kuma wani ne ya zaɓa mata tun daga masana'anta.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na ango da farar shadda. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka cakuɗa haske da duhunsa, zai ba da ruwan toka matsakaici. To ga ango baƙi, cikin babbar riga fara sol, da tsakar rana a ƙofar masallaci. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske. Rigar ta fito kamar an wanke ta da ruwan kwata, fuskar kuwa ta zama rami, ba ka ganin komai sai ido da haƙori. Na ɓata wa maigida rabin fim a ɗaurin auren farko da ya tura ni. Bai yi faɗa ba. Ya ja ni waje ya nuna mini: ka kai mutum inuwa, ka ƙara buɗe idon kyamara mataki ɗaya ko biyu fiye da abin da ta ce, ka sa yaro ya riƙe farin kwali ko faranti a ƙasa ya mayar da haske ƙarƙashin hula. Da aka wanko na biyu, sai ga fatar angon da launuka a cikinta, ja-ja a kumatu, wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi a goshi inda sama ta haska shi. Ranar na san baƙar fata ba launi ɗaya ba ce.

Shekaru bayan haka na karanta labarin katin Shirley. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ke aika wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake saita inji a ce launi ya yi daidai. Sai a shekarun 1990 aka fitar da wanda ya haɗa mata masu fata iri-iri. Raina ya ɓaci da na karanta, don na tuna fuskokin iyayenmu da suka nutse cikin duhu a tsofaffin albam. Amma ɓacin ran bai daɗe ba ya juyo kaina, saboda a lokacin na riga na aikata abin da ya fi wannan muni, da hannuna, kuma a kan ubana.

A farkon shekarun 2000 kwamfuta ta shigo situdiyo. Na koyi Photoshop, manhajar gyaran hoto, da wuri, hannuna kuma ya faɗa. Kalmar da na fi ji a bakin masu zuwa ita ce, "Don Allah a ɗan haska ni." Sai in haska. In cire bangon ƙasa in sa bene da fulawa, in ƙara wa ja ja, in ƙara wa kore kore, har atamfa ta dinga kashe ido. Ban ga laifin mutanen ba, har yanzu ma ban gani ba. Kowa na son a gan shi da kyau, kuma shekara da shekaru ana nuna musu cewa kyau yana can wajen fari. Kuɗi suka fara shigowa, na sayi babur, na buɗe shagona.

Wata Juma'a na je gida da kyamarar fim, saura hoto ɗaya a naɗin. Baba ya dawo daga masallaci yana zaune a zaure a kan buzu, sanye da farar jamfa. Hasken la'asar na shigowa ta ƙofa daga hagunsa. Bangon da ke bayansa na jar ƙasa ne da aka shafe da makuba, ruwan goro mai duhu. Ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa, shuɗi a kan fari. Na ce, "Baba, tsaya haka." Na danna.

Da aka wanko na shigar da shi kwamfuta, na kwana a kansa. Na zagaye hannayen da kyau, yatsa bayan yatsa. Na ɗebo launi daga wuyansa na shafa musu, na goge baƙin farcen, na haska fuskar, na cire bangon makuba na sa labule mai ruwan zinare. A zuciyata alheri nake yi. Ina so in ba shi hoton da za a nuna wa surukai ba tare da an yi bayani ba. Na sa a firem mai tsada na kai masa ana jibi Sallah.

Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Fuskar dai tawa ce. Ina ka kai mini hannuna?"

Na ce, "Baba, ai gyarawa na yi."

Ya ce, "Ashe a ɓace yake."

Bai ƙara kalma ba. Ya miƙa wa Inna, ta kai ɗaki. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban samu ƙarfin zuciyar tayar da ita ba. Na dinga cewa wata rana zan sake ɗaukar sa, wata rana zan kawo na ainihin. Aiki ya yi yawa, bukukuwa suka yi yawa.

Da hunturu ya rasu, bayan jinyar wata uku. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, ni ke zuba ruwa. Saboda ya kwana biyu bai taɓa rijiya ba, shunin ya koɗe a bayan hannun, amma yana nan a cikin layukan tafinsa da gindin farce, siriri kamar an zana da alƙalami. Da aka zo naɗe shi da likkafani, hannun dama ne abu na ƙarshe da na gani, shuɗi a kan fari, daidai yadda na gan shi a zaure ranar Juma'ar nan. A nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata, sai da kawuna ya riƙe ni.

Inna na cikin takaba ta aiko a kira ni. Ta ce jikoki na tambayar kamannin kakansu. Na ce ai akwai wanda na kawo da Sallah. Ta ce, "Ba wannan ba. Na ainihin nake so, in yana nan." Kwana biyu ina zazzage kwalaye a shago kafin na samu nagetif ɗin, wanda muke ce wa dodon hoto, a cikin wata tsohuwar ambulan. A jikin dodo komai a juye yake: farar jamfa ta zama baƙa, fuska ta yi fari, shuɗi kuwa yakan koma kishiyarsa, wajen ruwan ɗorawa. Na ɗaga shi a taga, sai ga hannaye biyu suna haske kamar garwashi. Duk abin da na goge yana nan, bai je ko'ina ba.

Na shigar da shi kwamfuta, na juya launukan, na daidaita farin a kan jamfar, na cire hannuna. Wahalar a wurin bugawa ta zo. Shuɗi mai duhu yana da wuyar sha'ani a takarda, injin sai ya karkatar da shi wajen shunayya. Na koma gida na karɓo wani ƙyallen da Baba ya rina da kansa, na ajiye shi kusa da injin, muka yi ta gwadawa da mai bugawa. A bugu na huɗu takarda da ƙyalle suka zama abu ɗaya. Sai a ranar na lura da abin da idona ya gani tun farko har ya sa na ce masa ya tsaya: ruwan goron bangon da shuɗin hannun kishiyoyin juna ne, kowanne na ƙara fito da ɗan uwansa, farar rigar kuma ta shiga tsakani ta raba su. Ido na shiga hoton, wurin hannun yake zarcewa kafin fuska. Abin da hoton ya zo faɗa ke nan, shi na bi na toshe.

Inna ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta sa yatsunta, da babu lalle a jikinsu saboda takaba, a kan hannunsa. Ta ce, "Yauwa. Ga Malam nan." Ta yi kuka mai yawa, ni ma na yi. Da ta natsu ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ranar sunana, ta ce, ya ɗauke ni bayan ya dawo daga marina, sawun babban yatsansa ya fito a kafaɗar farar rigar da aka sa mini. Mata suka ce a wanke, ta ƙi. Hoton ba ta rataye shi ba. Ta naɗe shi a cikin zane ta sa a akwatinta, sai jikoki sun zo take fito da shi.

Tun daga nan aikina ya canza, ba a rana ɗaya ba. Na fara sauraron yadda mu kanmu muke magana. Bahaushe bai iya faɗin abin da ke ransa sai ya ari launi: farin ciki, baƙin ciki, farin jini, baƙar magana, jan hali, jan aiki. Bai kuma yarda ya ce ja kawai ya yi shiru ba, sai ya ce ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Inda babu suna sai ya nuna abin da ya sani: ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙasa, ruwan makuba. Mutanen da harshensu ya kai nan ba sa buƙatar a koya musu cewa launi na taɓa zuciya.

Matasa masu koyon aiki a wurina sukan zo da jadawalin da suka samo a intanet, wai ja fushi ne, shuɗi baƙin ciki, kore natsuwa. Nakan ce musu su tambaya: a wurin wa? Gaskiya ne Picasso, mai zanen nan ɗan Sifaniya, ya shafe daga 1901 zuwa 1904 yana zane kusan da shuɗi zalla bayan abokinsa ya kashe kansa a Paris, kuma duk wanda ya kalli mabarata da makafin da ya zana a lokacin zai ji sanyin jiki. Amma je ka gaya wa Buzun Agadas da ya naɗa sabon ɗan Kura, shunin ya sauka a kumatunsa yana taƙama da shi, cewa launin makoki ya sa. Ko ka ɗauki fari a wurinmu. Hadisi ya zo cewa mu sa fararen tufafi, mu kuma yi wa mamatanmu likkafani da su. Fari ɗaya ne a filin Idi, a jikin alhaji ranar Arfa, da kuma a kan makara. Abin da ke raba su a hoto shi ne irin hasken da ya sauka a kai da abin da ke kewaye. Farin da rana ta ɗumama da hantsi daban yake da farin da hazon hunturu ya lulluɓe, lokacin da sama ta yi fari, inuwa ta ɓace, launuka duka suka yi laushi kamar tsohon zane.

Shi ya sa akwai wani saiti a kyamara da na daina bar mata. Hasken tsakar rana yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelbin na launin haske, na ƙwan lantarki irin na da wajen 2,700, na wutar itace kuwa ƙasa da haka, ya fi ja. Kyamara in ka ƙyale ta, sai ta yi ƙoƙarin mayar da kowane haske fari. Na taɓa ɗaukar almajirai a wata tsangaya suna karatun dare kewaye da wutar kara. Kyamarar ta share jan wutar daga fuskokinsu da allunansu, hoton ya fito tas, amma sanyi ƙalau kamar ɗakin asibiti. Na mayar da saitin na hasken rana na sake ɗauka. Fuskoki suka koma ruwan zuma, bayansu dare ya yi shuɗi. Duk wanda ya taɓa zama a gindin irin wannan wuta, da ya ga na biyun sai ya ce har ƙamshin hayaƙin yana ji.

Hawan Daushe kuwa makarantar ja ce. Duk shekarar da aka yi shi ina Ƙofar Kudu, tun kafin hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Da na fara, so nake in cusa komai a hoto ɗaya: lema, 'yan lifidi, kayan doki, rawuna iri-iri. Sai ya fito kamar kasuwar Kwari, ido ya rasa inda zai sauka. Yanzu jira nake. In 'yan bindiga suka saki wuta, hayaƙi da ƙura suka haɗu suka shafe komai ya koma ruwan toka, akwai ɗan lokacin da dogari guda zai ɓullo daga ciki da rigarsa ja da kore. Jan nan shi kaɗai ya ishe ka jin kwarjinin sarauta. Sai dai kyamarar zamani jan ne ke fara ƙone mata, don haka nakan ɗan rage haske, in ba haka ba ninkin rigar ya ɓace ta zama faci guda.

Ban daina gyaran hoto ba. Ƙurji a fuskar amarya nakan cire, don gobe ma da kansa zai tafi. Launin da rayuwa ta sa wa mutum ne ba na taɓawa: jan goro a haƙorin tsoho, tabon sallah a goshi, manja a yatsun mai ƙosai, ƙurar gona a ƙafar manomi. Amarya in ta ce a haska ta, nakan ce, "Ƙanwata, ba ni minti goma." In kai ta kusa da taga, in sa farin kwali a gefe, in ɗauka in nuna mata yadda jan lalle da gwal ke tashi a kan fatarta yadda ba za su taɓa tashi a kan fatar da aka koɗar ba. Da yawa sukan yi murmushi su ce a bar shi haka. Wasu kuma sukan tafi wani shagon, kuma ba na riƙe su a rai. Allah da kansa, a aya ta 22 cikin Suratur Rum, ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa. Ni na taɓa goge ɗaya, ba zan ƙara ba.

Rijiyar Baba tana nan da rai, ɗan kawuna ke aiki a kanta, shi da safar roba yake sa wa hannunsa. A hutun da ya wuce na kai 'yata ta fari, mai shekara tara. Ta zo da farin hankici a aljihu, ta nace sai ta rina da kanta, ta kuma ƙi sa safar. Ya riƙe ta ta baya ta tsuguna ta tsoma. Da ta ɗago ta ga abin da ya fito, sai ta juyo fuska a yamutse ta ce, "Abba, ya lalace, kore ne!" Ɗan kawun nawa ya ce, "Ware shi, 'yar Baba, ki ɗaga sama." Ta ɗaga. Na ɗauki hoto bakwai a jere, na farko kore, na ƙarshe shuɗi, a na huɗu ne bakinta ya buɗe.

Daga marina gidan Inna muka wuce. Yarinyar ta shiga da gudu tana nuna hankicin. Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta kamo hannun, ta juya tafin, ta duba yatsun da suka rine har gaɓa ta biyu, sannan ta kai shi hancinta. Ta daɗe ba ta sake shi ba.